Malafar Baba Gwadabe

A shekarar da rediyo ya cika mana kunne da bikin al'adun da ake yi a Ikko, Fastonmu ya ce mu ma a ɗan cocinmu na Wudil za mu yi namu. Kowa ya kawo abin da hannunsa ya yi, a yabi Ubangiji da kayan gida. Sai aka duba, ashe babu kayan gidan. Tun da kuɗin fetur suka shigo, mata sun watsar da ƙore sun sayi kwanon sha da roba. Aka kafa ƙungiya, duk Asabar muna haɗuwa a ƙarƙashin darbejiya, masu gini na gina tulu, masu fafe ƙwarya na fafewa.

Ni Auta ban iya komai ba sai son Yelwa. Ubanta, Baba Gwadabe, dattijon ikilisiya ne, ya kuma ce ba ya ba da 'ya ga hannun da bai san sana'a ba.

"Saƙa mini malafa," in ji shi. "Ran taron in na sa ta a kaina, mu yi magana."

Na je wurin maƙwabcinmu Malam Isyaku mai saƙar kaba. Ya koya mini farawa daga tsakiyar kai, ya nuna mini yadda ake faɗaɗa gefe. Ya ce in dawo jibi ya nuna mini ɗaure baki, don in aka yanke kaba ba a ɗaure ba, saƙar warwarewa take. Jibi na tarar kamfanin titi ya ɗauke shi gadi, ya yi Kaduna.

To, ni ba mai gaggawa ba ne. Na ce bari in ci gaba kafin ya dawo. Malafa ta wuce faifai, ta wuce tabarma. Da ta cika ɗakina na fito da ita tsakar gida, kaji suka koma kwana a ƙarƙashinta. Innata ta shanya kuɓewa a kai.

Ranar taron, samari suka ɗauko ta a ka kamar jinka. Ƙofar coci ta ƙi ta. Fasto ya zagaya ta, ya ce ai ita ma aikin hannu ce, ba a barin baiwa a waje ita kaɗai. Aka kawo gwafanni aka tokare ta, aka fito da bencuna. Jama'a suka shige inuwa, har masu dawowa daga kogi da kifi suka tsaya shan iska a gefe.

Baba Gwadabe ya iso, muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya, bai dubi sama ba.

"Ina malafar tawa?"

"Kana cikinta, Baba."

Ya ɗaga kai ya daɗe. Shi mutum ne da ba ya ta da maganarsa. Ya sa aka kawo turmi aka kife a tsakiya, ya hau, ya cusa kansa. Ta zauna masa daidai, don na auna.

"Kan ya yi," ya ce daga can sama. "Amma bakinta a sake yake. Malafar da ba a ɗaure ba, ba malafa ba ce. Ba na cire ta sai an gama, in ga ƙarshen aikinka."

Ni kuwa ban koyi ɗaurin ba. Zumuntar mata suka soma buga tulu, aka ɗauki waƙar yabo. Sai Yelwa ta tashi daga cikinsu, ta zo ta kama bakin kabar.

"Wannan ai kamar bakin faifai ne," ta ce a hankali. "Riƙe nan, malam sarkin sauri."

Ta lanƙwasa, ta soke, ta ja. Na gani, na karɓa. Ita ta yi gabas, ni na yi yamma, za mu haɗu a baya.

Aka yi wa'azi. Aka nuna tuluna da ƙore, aka sa musu albarka. Aka ci dambu, aka miƙa wa Baba nasa a kan turmi. La'asar ta yi, ko rabi ba mu kai ba, don ni ina bi a sannu kada in ɓata.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Saura nawa?"

"In Allah ya yarda, zuwa Talata."

Ya sauya ƙafa a kan turmin. Wata tsohuwa ta ce ya yi haƙuri, inuwarsa ta yi daɗi.

"Fasto," ya ce, "ka zama shaida. Yaron nan ya iya sana'a, har ta yi yawa. Na ba shi Yelwa. A zo a ɗaga mini abin nan."

Muka ƙarasa bakin ranar Laraba. Da Malam Isyaku ya zo hutun Sallah ya duba ɗaurin, ya ce na Yelwa ya fi kyau.