Lambobin da Suka Ɓace wa Malam Clement

Malam Clement mutumin Pankshin ne. Bautar ƙasa ce ta kawo shi jihar Kebbi yana saurayi, ya samu aikin koyar da lissafi a wata sakandare a Argungu, ya zauna ke nan. Matarsa Dinatu tela ce, ita da 'yarsu Rejoice suna zaune a Gwadangaji cikin Birnin Kebbi. Litinin da sassafe yake hawa mota, Juma'a da yamma ya dawo da albasa da busasshen kifi a leda.

Lokacin da aka ba makarantarsu 'yan kwamfutocin hannu, an kulle su a sito don kada yara su fasa. Shi ya yi ta naci har aka ba shi makullin. Ya sa musu wata manhaja wadda idan ka rubuta mata lissafi sai ta zana maka layinsa, ka canza lamba ɗaya ka ga layin ya karkata a gabanka. Yaran da a da suke barci a ajinsa suka koma rububin kujerar gaba. Ya buɗe musu zaure a WhatsApp, waɗanda suke Gulma da ƙauyukan bakin gulbi suna aron wayar iyayensu su turo tambaya, shi kuma ya amsa da murya, har Dinatu takan ce in ya zo gida abincinsa kullum sai ya huce kafin ya ci.

Wata Laraba yana tsaye gaban allo alli ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai iya miƙewa ba.

A asibiti a Birnin Kebbi aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Rai ya tsira. Da gashi da motsa jiki ƙafar ta fara ɗaukarsa, yana jan ta. Magana ta dawo guntu-guntu. Amma ranar da likita ta rubuta bakwai a takarda ta ce ya faɗi mene ne, sai ya kalli lambar, ya kalli Dinatu, ya ce, "Huɗu." Ya ga fuskarta ya gane ba daidai ba ne. Ya sake cewa, "Huɗu."

Likitar ta ce wa Dinatu a waje, "Abin yana nan a kansa, hanyar ce ta toshe. Ku riƙa gwada masa a gida, ko da abin yara ne."

Rejoice ce ta sauke manhajar a wayar babanta. Ta 'yan firamare ce. Mangwaro yake fitowa a fuskar wayar, ka ƙirga ka danna lamba. Idan ka dace wata muryar mace ta yi maka tafi, idan ka kuskure ta ce ka sake gwadawa cikin lallashi, irin yadda ake yi wa yaron da ya zubar da kunu. Malam Clement ya kuskure, ya sake kuskurewa, muryar ta sake lallashinsa. Ya wurga wayar da hannun hagu ta bugi ƙafar keken ɗinki. Ya juya fuskarsa bango, ranar ko ruwa bai karɓa daga hannun kowa ba.

Dinatu ba ta ƙara yi masa zancen ba. Sai dai da la'asar, idan ta gaji da taka keke, takan zauna kusa da shi a baranda ta buɗe manhajar tana yi ita kaɗai. Ita da ma a aji uku ta bar makaranta, kuma lissafi ne ya fi komai wahalar da ita. Tarawa da ɗebewa ta wuce su a guje. Da ta kai inda ake raba gurasa gida-gida, sai ta tsaya cak.

"Rabi da kwata in an haɗa su, ai biyu bisa shida ne," ta faɗa a fili, ta danna. Muryar ta ce ta sake gwadawa.

Sai ta ji gurnani a gefenta. Yana girgiza kai da ƙarfi. Ya miƙa hannun hagu ya jawo wani ƙyallen atamfa daga kwandonta, ya ninka shi biyu a kan gwiwarsa, ya sake ninkawa, ya buɗe. Ya dafa gida biyu, sannan ya dafa ɗaya.

"Uku ke nan? Uku cikin huɗu?"

Ya gyaɗa kai. Ta danna, aka yi tafi.

"Baban Rejoice, ashe kana ji na ka bar ni ina shan kunya."

Ya yi dariya da rabin baki, karo na farko tun kwanciyarsa.

Daga nan suka riƙa yi tare. Ita ta karanta, shi ya nuna da yatsa. A hankali lambobi suka fara tsayawa a wurinsu, ya daina kiran bakwai huɗu, har ya kai ga ninkawa. Damina ta wuce suna haka. Dinatu ta fara gaya wa mata a coci cewa da yardar Ubangiji zai koma aji, ya ji tana faɗa, bai hana ta ba.

Malam Sunusi, wanda aka ba ajinsa, tsohon ɗalibinsa ne. Ya kira ya ce 'yan ajin ƙarshe suna ta tambaya, ko Malam zai iya zuwa su gan shi kafin jarrabawa. Dinatu ta goge masa farar rigarsa, suka hau Keke Napep zuwa tasha, suka kama hanyar Argungu. Ana yankan shinkafa a fadama, yana ta kallo ta taga.

Da ya shiga ajin da sanda, yara suka miƙe gaba ɗaya. Wasu 'yan mata suka rufe fuska da hijabi suna kuka. Aka kawo masa kujera, aka gaisa, aka yi ta ba shi labari, yana amsawa da "To" da "Na gode". Da a nan aka tsaya, da an rabu lafiya.

Amma akwai Laure, 'yar wani masunci daga Gulma, wadda ta fi kowa turo masa tambaya a da. Ta taso da kwamfutar hannu ta durƙusa gabansa.

"Malam, wagga tambaya ta kada mu duka. Mun sa ta ga manhaja ta ba mu amsa, ta zana layin, amma ba mu gane mi ya sa ya lanƙwashe nan ba. Kai ɗai muka jira."

Malam Sunusi ya buɗe baki zai hana, Malam Clement ya ɗaga masa hannu. Ya karɓi kwamfutar ya kalli layin. Ya san shi. Ya san ya koyar da irinsa shekara da shekaru, ya san bayanin gajere ne. Ya tashi da ƙyar, ya ɗauki alli da hannun hagu, ya je gaban allo. Ya rubuta harafi ɗaya a karkace. Ya tsaya. Ya rubuta biyu a samansa, ya goge da gefen hannu, ya sake rubutawa. Zufa ta jiƙa bayan farar rigar, Dinatu tana ganinta daga bakin ƙofa.

Ya daɗe a tsaye. Daga ƙarshe ya ajiye allin a hankali a bakin allo, ya juyo ya kalli Laure.

"Gobe," ya ce.

"To, Malam," ta ce, idonta a ƙasa. "Allah shi kai mu."

A mota bai kalli taga ba. Sun kusa shiga Birnin Kebbi ya zaro wayarsa, ya buɗe zauren yaran, ya miƙa wa Dinatu. Ya nuna sunan Sunusi, sannan ya nuna kansa, ya yi alama da hannu waje.

"Ka tabbata? Ko ka bari sai bayan jarrabawarsu?"

Ya girgiza kai. Ta mayar da ragamar zauren hannun Sunusi, ta fitar da mijinta, ta sa wayar a jakarta.

Takardar ritayarsa ta rashin lafiya ta fito kafin Kirsimeti. 'Yan'uwansa suka ce a dawo da shi gida Pankshin inda akwai masu taimako. Aka bar Rejoice a wurin iyalin fasto don ta ƙarasa makaranta. Ranar tafiya Malam Sunusi ya zo tun daga Argungu ya taya ɗaura keken ɗinki a saman mota, ya durƙusa ya yi wa malaminsa sallama. Malam Clement ya riƙe hannunsa ya daɗe, yana neman wata magana, bakinsa yana motsi. Direba ya danna hon, Dinatu ta ce a hankali, "Baban Rejoice, rana tana yi." Ya saki hannun ya shiga mota.