Kaset ɗin Mutaru

...kuma a ƙirjinta, Mutaru. A ƙirjin Hanan, 'yar cikina. Hoton bangon faifan nan namu, kujerar da aka kife wuta na cin ƙafarta, an buga shi a jikin farar riga ana sayarwa a 125th Street. A ina? Kantin gilashin da aka gina daidai inda muke kafa tebur.

Na ce kin san mene ne wannan? Wai kyau ya yi mata. Da Turanci ma ta amsa.

Kyau!

Waƙa goma sha ɗaya, ko rabin awa ba su cika ba. Mai ganga kamar ya kama ɓarawo, mai waƙa maƙogwaro a tsage, babu wanda ya iya jita a cikinsu — kai ka faɗa kana dariya, ranar da ka danna mini kaset ɗin: Alkasim, saurari mahaukatan nan, punk ake ce wa kiɗan. Ni ɗan Maraɗi, wata uku a garin, kalma goma ta Turanci ban haɗa ba. Amma na gane. Wa ke neman tafinta in mutum yana ihu?

Jirgin ƙasa ya tsaya... ba tasharmu ta Parkchester ba ce tukuna. Ga Hanan can a kujerar da ke kallona, ta kau da kai, ido jawur. Tsawa na daka mata a gaban jama'a. Cire rigar, na ce. A kan titi! Ta cire ta sa me?

Ranar da aka kwashe mu daga titin — tebura cikin mota, agogunan da nake sayarwa warwatse a kwata — ba ka yi kuka ba. Ƙure rediyonka ka yi, muka tsaya bakin hanya muna ihu tare da mawaƙan har murya ta dishe. Faifan nan ne ya hana ni tattara kayana in koma gida. Shi. Ba lallashin kowa ba.

Kusan shekara hamsin da fitowarsa, har yau duk yaron da ya rungumi jita a Brooklyn don ya amayar da fushinsa, wurinsu ya koya. Yanzu kuma an mai da shi kwalliya. Yau riga, gobe kofin shayi. Marasa kunya... su wa ma? Masu kantin? Yarinyar?

Ta dube ni yanzu, da guntuwar Hausarta: Baba, ni ban taɓa ji ka sa kiɗa ba.

Ban taɓa...

Kaset ɗin yana cikin akwati, ƙarƙashin gado, tun ranar da muka binne ka. Na dawo daga Makka, aka fara ce mini Alhaji, ana matsa mini a sahun gaba — sai na ji nauyi. Nauyin wa? Shekararta goma sha tara, Mutaru, ko sunanka ba ta sani ba.

Ƙofa ta buɗe. Ta miƙe, ba ta jira ni ba.

Ko rediyon da zan sa mata shi ma ba ni da shi...