Kawu Ya Kifa Bokiti a Kansa

Wani dare na ji ƙara daga bayan katangata, kamar saniya ta faɗa rijiya tana kuma ƙoƙarin yin waƙa. Ni kuwa abin mamaki ba ya wuce ni. Na taka benci na leƙa. Maƙwabcina ne, mai gyaran keke da duk unguwa ke kira Kawu, zaune da bokitin ƙarfe kife a kansa, yana rera waƙar yabo a ciki.

"Kawu, lafiya?"

Ya ɗaga bokitin. "Muryata nake nema, Dattijo. A nan ciki kaɗai nake jin ta sosai."

Kawu ne mai ba da waƙa a cocinmu tun gashinsa na baƙi. Shi ke ɗaukowa, mu amsa. To ranar Lahadin da ta wuce bayan sujada, Tela, matar ɗan ƙanensa, ta tare shi a bakin ƙofa, mutane na fita. Ta ce, "Kawu, kana ɗauko waƙa can sama inda ko tsuntsu ba ya kaiwa. Mata na shaƙewa, maza sun yi shiru. Kunnenka ya tafi, kowa ya sani, kunya ce ta hana a faɗa maka." Dattawan coci suka ce za a zauna ranar koyon waƙa a ga ko zai ci gaba.

Da safe na same shi a rumfarsa, ya tsoma tub ɗin keke cikin kwanon ruwa. Matarsa Gwaggo na tsaye a kansa, hannu a ƙugu.

"Yarinyar da ta shigo gidan nan ko ruwa ba ta iya dafawa ba! Ita za ta koya maka waƙa? Ka buɗe baki ka rama mana, Malam."

Kawu ya nuna mata kumfar da ke tasowa. "Kin ga wannan? Da can da kunne nake gano huji. Yanzu sai ruwa ya nuna mini. Na daɗe da sanin kunnena ya yi rauni, ban so in haɗa shi da waƙa ba ne."

"A gaban mutane fa ta yi maka."

"Ya yi zafi, ai kin ga ranar ban ci abinci ba. Amma Yesu ƙarya aka yi masa, ya yi shiru. Ni da aka faɗa wa gaskiya, ihun me zan yi?"

Gwaggo ta yi tsaki, ta ce ita dai ba ta yafe ba tukuna, sai ta huce.

Ranar koyon waƙa coci ya cika, har da waɗanda ba su taɓa zuwa koyo ba. Tela ta zauna a gaba, ta harɗe hannu, ta zo da shirin faɗa. Kafin dattawa su yi magana Kawu ya miƙe.

"Kada ku wahalar da kanku. Tela ta yi gaskiya. Waƙar ta Ubangiji ce, aro ya ba ni. Ɗiyata, zo ki ɗauko mana."

Ta duba hagu, ta duba dama. Da ta fara, waƙar ta zube a tsakiya. Wasu suka soma murmushi. Kawu ya ce, "Sake, ɗiyata. Ni ranar farko sai da na manta baitin gaba ɗaya." Ya koma cikin maza, ya dafa benci don ya ji bugun ganga a tafin hannunsa, idonsa a kan bakinta. Karo na biyu waƙar ta zauna daidai. Na ji muryoyin tsofaffin da na ɗauka sun daina waƙa, har tawa.

Da aka tashi muka biyo layi tare, Tela a baya riƙe da jakar Kawu. Mai aski, maƙwabcinmu da ba ya zuwa coci amma labari ba ya wuce shi, ya fito da almakashi a hannu, ya ƙare musu kallo.

"Wai ku tsaya. Shi da aka sauke yana tafe yana fara'a, ita da aka ɗora tana share hawaye. To wa aka kayar a cikinsu?"