Awon Wani a Kayan Mak Tin-yau

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗinki a wani kamfanin finafinan faɗa da ke bayan Kowloon. Sunana Fong, amma kowa Yaya Fong yake ce mini, har waɗanda suka girme ni. A shekarar 1974 jarumai biyu ne suke riƙe da kamfanin, Mak Tin-yau da Szeto Kam, kuma babu ranar da za a zauna cin abinci a kantin abincin kamfanin ba a yi musu a kansu ba. Masu shan duka, waɗanda ake jefowa daga bene in an zo ɗaukar faɗa, su suka fi kowa zaƙewa.

"Ƙafar Mak ba ka ganin tahowarta," in ji wani, "sai dai ka ji kunnenka yana kuka."

"Saurin gaban kyamara ke nan," in ji na kusa da shi. "Szeto in ya dafa maka ƙirji sai ka kwana uku kana tari. Mak rawa yake yi."

"To je ka gaya masa rawa yake yi, mu ga haƙora nawa za ka dawo da su. Yaya Fong, raba mana gardama!"

Ni ta tufafi na san su. Wandon Mak a tsakanin cinyoyi yake yagewa, don shi sama yake kai ƙafa. Na Szeto a gwiwa yake cinyewa, shi ƙasa yake zama kamar an dasa shi. Nakan ce musu wanda ya fi ba ni aiki shi ne gwani, su yi dariya. Abin da ban faɗa musu ba shi ne tun bayan sabuwar shekara sau biyu ina rage ƙugun wandon Mak, ya kuma roƙe ni kada kowa ya ji.

Wata ranar Talata manajan kamfani, Lok, ya shigo ɗakin ɗinki ya tura ƙofa. Bai taɓa shigowa da kansa ba, aike yake yi. Ya miƙo mini 'yar takarda mai ɗauke da awo.

"Kayan da Mak yake sawa a fim ɗin nan, baƙar riga da baƙin wando, ki ɗinka kala uku a wannan awon."

"Ranka ya daɗe, wannan ai ba awon Mak ba ne. Ya fi shi kafaɗa."

"Na ce miki awonsa ne? Ki ɗinka ki sa a akwati. Shi ma kada ki gaya masa."

Na duba takardar bayan ya fita. An rubuta awon da lambobin kasuwa irin na tsofaffin teloli, ba da na Turawa da Lok yake amfani da su ba. An auna har tsawon cikin cinya da faɗin wuyan hannu. Wanda ya yi awon ya san aiki. Na ɗinka, na ajiye, takardar kuma na sa a gwangwanin maɓallai.

Kwana tara bayan nan, da tsakar rana, aka tarar da Mak kwance a ɗakin canja kaya, kwanon taliyarsa ko rabi bai ci ba. Shekararsa talatin da ɗaya. Likita ya ce zuciya ce. Babu wanda ya yarda. Jaridu suka ce guba. Masu shan duka suka ce wani tsohon malamin faɗa ne ya taɓa shi a wata jijiya, irin taɓawar da sai bayan wata uku take kashewa. Wasu suka ce 'yan daba ne da ya ƙi yi wa fim. Aka fasa gilashin motar Szeto saboda ana zarginsa, shi da ya yi kuka a wajen jana'iza har sai da aka riƙe shi.

Mako guda bayan binnewa Lok ya sake shigowa, bayansa wani mutum daga Makau, sunansa Poon. Da ya juya baya, tsayuwar Mak ce sak.

"Shi zai ƙarasa fim ɗin," in ji Lok. "Ta baya da ta gefe za a riƙa ɗaukarsa. Fito da kayan nan."

Poon ya sa, suka zauna masa ko zare ban taɓa ba.

Daga ranar na daina cin abincin kanti. Shayina ma daga gida nake zuwa da shi. In Lok ya wuce ta tagar ɗakina sai in ji ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki. Mutumin da ya sa aka ɗinka wa magaji kaya alhali mai kayan yana raye yana tsalle, me ya sani?

Ina gyara wa Poon wuyan riga wata rana na ce, "Ƙanena, wa ya auna ka ne? Ya iya awo."

"Wani tela a Makau."

"A wane layi? Ina da 'yan'uwa teloli a can."

"Na manta, Yaya."

Kunnuwansa suka yi ja. Ban ƙara tambaya ba.

Bayan kwana arba'in matar marigayin ta zo kwasar kayansa. Mace ce siririya mai magana ƙasa-ƙasa, sau biyu kawai na taɓa ganinta. Ta zauna a kan teburin yanka, ina ninkewa tana rubuta abin da ta karɓa, riguna kaza, takalma kaza. Na leƙa takardarta. Lambobin kasuwa ne, kuma huɗunta tana da 'yar wutsiya a ƙasa, irin wadda na yi kwanaki ina kallo a takardar awon nan.

Na ɗauko gwangwanin maɓallai, na ciro takardar, na shimfiɗa kusa da tata. Ta daɗe tana kallo.

"Babana tela ne," ta ce. "Rufe ƙofar, Yaya Fong."

Na rufe, amma ban yi nisa da ƙofar ba.

Ta ce tun sabuwar shekara Mak yake suma a gida. Likita ya ce ya bar faɗa ko ya bar duniya, Mak ya ƙi, ya ce gara ya mutu da a ce Szeto ya gaje shi da ransa. Ita ce ta je Makau ta nemo mai kama da shi, ta kai wa Lok magana, don a riƙa ɗauke masa wurare masu wuya. Da safen ranar da ya rasu ya gano. Ya fasa kofuna, ya fito, ya sa aka ɗauki faɗan bene sau goma sha biyu don ya nuna bai gaza ba.

Wannan gaskiya ne, ina wurin, ni na canja masa riga sau huɗu saboda gumi.

"In jarida ta ji, ni za a ce na kashe shi," ta ce. "Ina da 'ya'ya biyu."

"Uwargida, ke da kanki kika auna Poon?"

"Wa zan yarda da shi ya yi?"

"A ina kika san shi?"

Ta miƙe ta ninke takardun biyu tare, ta sa a jaka. Ina kallo ban hana ta ba. "Makau ƙaramin gari ne," ta ce, ta ɗauki kayan ta fita.

Na yi ta juya maganar. Ramar Mak na gani da tef ɗina, wannan ba ƙarya ba ce. Amma taliyar da bai ƙarasa ba daga gida aka kawo ta, kullum daga gida ake kawo masa, kuma kafin 'yan sanda su iso an wanke kwanon. Wa ya wanke, ban sani ba. Sau biyu ina zuwa har ƙofar ofishin 'yan sanda, in tsaya in tuna ba ni da komai a hannu, in juya in hau motar haya.

Fim ya fito a ƙarshen shekara, aka yi wata biyu ana layi a silima. Da sanyi ya wuce matar Mak ta sayar da gida ta tafi Vancouver, can Kanada, da yaran. Poon kuwa, kamfani ya ba shi fim nasa na kansa, abin da kowane mai shan duka yake mafarki, ya ce a'a. Wata uku bayan tafiyarta shi ma ya ɓace.

Na tari Lok a bakin mota na tambaye shi ina Poon ya tafi.

"Kanada, na ji an ce."

"Wane gari?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Yaya Fong, ranar Litinin Szeto zai fara sabon fim. Kayansa sun haɗu?"

Na ce saura wando biyu. Na koma na ɗinka su, na kuma ƙara shekara shida a kamfanin kafin idona ya gaza.