Ranar da Aka Ji Jitar

Duk sanda aka zo gaɓar da mai jitar lantarki zai kaɗa shi kaɗai, sai ganguna da fiyano su danne shi. Mutane na ganin yatsunsa na gudu, amma ba sa jin komai.

Wurin gwaji ya roƙi mai haɗa sauti ya ƙara masa ƙarfi. Ana ƙarawa lasifika ta yi ƙara, kowa ya toshe kunne.

"Ba ƙarfi ka rasa ba," in ji mai haɗa sautin. "Fiyanon yayanka ne ya cika ko'ina."

Yayan kuwa shi ne shugaban ƙungiyar. Mai jita ya sosa ƙeya, da ƙyar ya ce, "Yaya, don Allah in na shiga ka ɗan sassauta hannu."

Yayan ya harare shi.

Da yamma zaure ya cika. Gaɓar ta zo. Sai yayan ya ɗage hannuwansa, ya yi wa mai ganga alama ya rage. Jitar ta fito tar har kujerun baya.

Da aka tashi, yayan ya dafa kafaɗarsa yana dariya. "Ashe ka iya! Ni ma yau na fara jin ka."