Masu Gadin Baho

Malamin kimiyya ya dawo daga taro da kwalba a jakarsa, cike da jajayen tururuwa. Baƙi ne, ya ce wa matarsa. A kayan jiragen ruwa suke shigowa, duk inda suka sauka sai sun kori tururuwar wurin.

"To me ya kawo su gidana, Malam?"

"Bincike. Zan kwatanta su da mutanen kirki."

Mutanen kirkin suna cikin bahon wankinta a baranda: ƙwari masu dogayen ƙafafu da ke yawo a kan ruwa, waɗanda ya kamo a kududdufi. Ya ce su ba sa cin haƙƙin kowa, ba sa wuce iyakarsu, ita kuwa tururuwa ba ta da tarbiyya. Ya dasa kwalbar a tsakiyar bahon, ya buɗe murfin don su sha iska.

"Ruwa ya kewaye su. Wadda ta faɗo, masu gadi su cinye ta."

"Ni kuma in yi wanki a ina?"

Bai ji ba, yana leƙen baho.

Abin da Malam bai lura da shi ba, masu gadin nasa suna da fukafukai. Da rana ta ɗumama ruwan, suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Tururuwa kuwa suka riƙe juna suka dunƙule, suka haye ruwan abinsu. Sukari suka fara ziyarta, sannan katifa, sannan wandon Malam yana ciki.

Kafin a ankara sun sauka shagon tela a ƙasa, sun ciji telan a wurin da ba ya iya sosawa gaban mata masu kawo ɗinki. Mai gidan haya ya tara kowa a tsakar gida.

"Allah ya taimake mu da masani a gidan nan," in ji shi. "Malam, daga ina wannan bala'i?"

Malam ya gyara tabarau, yana murza ƙafa da ƙafa.

"Yawanci sakacin mutane ne. Wani ke ɗauko su bai san abin da ya ɗauko ba."

"Allah ya isa!" in ji tela.

"A dai yi masa uzuri," Malam ya ce da sauri.

Nan take aka naɗa shi shugaban kwamitin gano mai laifi. Matarsa ce ta fara tafawa, har da hawayen dariya.