Sunan Mai Tsintsiya a Gefen Layi

Injiniya ake ce masa a layinsu, ko da yake bai taɓa zama ajin injiniyanci ba. Gyaran firinta da tsofaffin kwamfutoci yake yi, a rabin shagon da kawunsa tela ya yanka masa da labule. Rubutun manhajar kwamfuta kuwa shi ya koya wa kansa, in babu kwastoma, keken Kawu na ta ƙara a bayan labulen.

Akwai wata manhaja ta kyauta da ƙananan asibitoci ke amfani da ita wajen tura wa marasa lafiya saƙon tuna ranar dawowa karɓar magani. Ba ta kowane kamfani ba ce. Kowa na iya karanta rubutunta ya kawo gyara, sai mutumin da suke kira Mai Makulli ya duba ya shigar. Shekara biyu da suka wuce Injiniya ya aika da layi tara na rubutun manhajar masu lissafa kwanan wata, aka karɓa. Ranar har lemo ya saya wa Kawu.

Wata Litinin da safe ya buɗe zauren tattaunawar manhajar ya tarar an yi cirko-cirko. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta rubuto cewa mutum goma sha ɗaya ba su sami saƙo ba, biyu daga cikinsu maganinsu ya yanke har sai da aka ba su gado. Ashe lissafin bai san da ashirin da tara ga Fabrairu ba, ranar nan da sai bayan shekara huɗu take zagayowa. Bai kai ƙarshen karatun ba ya gane layukan. Nasa ne.

Sai dai masu wannan aiki suna da hanyarsu ta neman mai laifi. Maɓalli ake dannawa, kwamfuta ta jera sunan wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe. Aka danna, sunan Mai Tsintsiya ya fito sau tara.

Tsohuwar malamar lissafi ce da ta yi ritaya. Ba ta rubuta sabon abu; nata share-share ne, ta daidaita tazara, ta gyara kuskuren haruffa, shi ya sa aka sa mata sunan. Bara ta bi ta kan layukansa ta matsar da su ciki kaɗan don su yi kyan gani. Ko harafi ɗaya ba ta canza ba.

Aka yi mata ca. Wani ya ce tun farko bai kamata a bar ɗan koyo kusa da abin da ya shafi rai ba. Abin da ya fi damun Injiniya shi ne amsarta. Ta ce ba ta tuna rubuta wannan lissafi ba, amma tunda sunanta ne a wurin to ita ce, shekaru sun ja, a yi mata afuwa.

Ya ce wa kansa marasa lafiya ne a gaba, a fara toshe ɓarakar tukuna. Kafin la'asar ya rubuta gyaran ya aika. Batun suna kuwa, gobe in ƙura ta lafa. Goben ta zo, ya rubuta saƙo ya goge, don ya ga kamar ya cika kare kai. Washegari ya sake rubutawa, ya ga wannan kuma ya yi kama da neman a yaba masa.

A rana ta uku Kawu ya ɗaga labule, almakashi a hannu, ya tambaye shi ko sammaci aka kawo masa da yake zaune haka. Injiniya ya kwashe labarin ya faɗa masa.

"Wato kai ka yanka rigar a karkace, ita baiwar Allah guga kawai ta yi."

"Haka ne, Kawu."

"To zaman me kake yi? Tashi ka je ka same ta."

"Ban san ma a wace ƙasa take ba."

"Shekara biyu kuna aiki tare ba ka san ƙofar gidanta ba? Wannan sana'a taku ta aljanu ce, ɗan nan."

Nan take ya rubuta, gajere, ba ado. Da ya zo aikawa sai ya tarar Mai Makulli ya rufe zauren tun jiya saboda zage-zage sun yi yawa. Ya buɗe sabo. Cikin minti ɗaya na'urar da ke tace saƙonni ta rufe shi, wai an riga an magance wannan matsala. Ya nemi shafin Mai Tsintsiya, babu shi, ta goge. Ya tura wasiƙa zuwa adireshinta na imel, ta dawo masa.

Ya rubuta wa Mai Makulli kai tsaye, haɗe da hujjar cewa shi ne ya fara rubuta layukan. Amsa ta zo bayan kwana biyu, cikin ladabi. Ya gode masa da gaskiyarsa, ya ce shi ma bai san inda za a same ta ba, kuma ba zai sake tayar da maganar da ta kwanta ba, mutane sun gaji. Injiniya ya roƙi ko layi ɗaya ne a ƙara a cikin bayanin manhajar a wanke ta. Ba a ƙara ba.

Ƙarshen mako sabuwar manhajar ta fito. A saman jerin godiya ga sunansa nan, wanda ya gano matsalar kwanan wata ya gyara cikin yini guda. Mutane suka yi ta turo masa jinjina, har da ma'aikaciyar jinyar nan.

Ya amsa wa kowannensu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa kuskuren nasa ne tun asali, ba na malamar ba. Biyu suka ce wannan tawali'u nasa ya burge su. Sauran ba su amsa ba.

Kawu ya leƙo ya tambaya ko an samu matar. Injiniya ya girgiza kai. Tsohon ya daɗe a tsaye yana kallon allon kwamfutar da ba ya iya karantawa, sannan ya saki labulen. Can keken ya ci gaba da ƙara.

Injiniya ya sake buɗe wasiƙar da ta dawo, ya duba adireshin harafi bayan harafi ko ya yi kuskure a wani wuri. Bai yi ba.